Ƙararrawar Baba Alexander

A Zangon Kumasi, inda aka haifi Mansuratu, yarinya ba ta ganin babba da kaya a hannu ta wuce abinta. Ko buta ce, ko ƙullin goro, sai ta rusuna ta karɓa. Wadda ta yi kamar ba ta gani ba, kafin ta isa gida labari ya riga ta, kuma uwarta ce za ta sha kunyar. Da wannan tarbiyya Mansuratu ta zo Amurka, da ita ta yi shekaru tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, babu gidan da aka taɓa kuka da ita. Sai da kamfaninsu ya tura ta Springfield, gidan wani tsoho ɗan ƙasar Poland mai suna Alexander, sannan ta gamu da mutumin da ladabinta yake ba wa haushi.

Dogo ne siriri, ƙashi da fata, ga hanci ga taurin kai. A ƙarshen shekarar 2011 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta dama, ya bar masa hannu mai rawa da ƙafa mai jan ƙasa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa Pauline tana aiki a wata jiha mai nisa, ita ta nemo mai kula da shi. Ranar farko Mansuratu ta rusuna ta gaishe shi, ta kira shi Baba. Ya ɗaure fuska ya ce a harshensu tsohuwa ake kira haka. Ta ba shi haƙuri, amma bakinta ya ƙi kiran sunan mutum mai furfura gatsal, don haka washegari ma Baba ta ce. A haka ya gaji ya sallama.

Labarinsa bai fito a zama ɗaya ba, a hankali ta tsince shi, yau kaɗan gobe kaɗan, yawanci lokacin da take matsa masa ƙafa. Yana saurayi ɗan tsere ne a ƙasarsu, mai gudun mita ɗari takwas, wato zagaye biyu na fili. Da rana yana aiki a masana'antar taragon jirgin ƙasa, da yamma yana gudu a filin da aka shimfiɗe da tokar gawayi, wadda in ka faɗi a kanta sai ta shige fata ta zauna. Har yanzu akwai baƙin tabonta a gwiwarsa ta hagu. Da ƙafa ta gaji sai ya koma alƙalancin tsere. Da zama ya yi tsanani a ƙasarsu, har ana kwana a layin burodi, ya kwaso matarsa da 'yarsa suka zo Virginia, ya kama gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta. Amma duk Asabar ɗin duniya yana filin tseren makarantun sakandare da farar riga, kyauta, ba ko sisi. Aikinsa guda ne: ya tsaya a bakin layin ƙarshe yana lura da zagaye, idan na gaba ya shiga zagayen ƙarshe ya kaɗa ƙararrawa.

Ƙararrawar tasa ce ta kansa. Ta tagulla ce mai mariƙin katako, daga tsohon filinsu na Poland ya zo da ita, naɗe cikin rigar sanyi. Nauyi gare ta kamar taɓaryar daka yaji. Tana zaune a kan tebur kusa da taga, kuma duk ƙurar gidan Mansuratu na iya sharewa ban da tata.

Tun yana gadon asibiti ya ƙudurta cewa idan sanyi ya wuce aka buɗe kakar tsere, shi zai kaɗa ta. Likita ya yi murmushi, Pauline ta yi kuka a waya, shi kuwa ya juya ya fara koya wa hannun hagu aikin da dama ta yi shekara da shekaru tana yi. Mansuratu ta ga dai tsoho yana wahalar da kansa a banza. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, kafin ya kai ta miƙo masa. In sandarsa ta faɗi, ba ta gama ƙara a ƙasa ba ta ɗauko. Sai ya harare ta ya ce, "Mansura, ina da hannu." Ita kuma ta ce, "Na sani, Baba," ta ci gaba da abinta. A ganinta ai irin kawaicin manya ne, su ce a bari alhali suna so a yi.

A watan Maris aka yi ƙaramar gasar buɗe kaka a filin wata makaranta. Shugabar alƙalan tseren wata mata ce mai suna Constance, baƙar fata 'yar Amurka, kakkaura mai fara'a, wadda a hannun Alexander ta koyi aikin. Ta gaya masa a waya cewa ƙa'ida ba ta canza ba: babu mai shiga cikin shingen fili sai 'yan tsere da alƙalai. Wanda zai riƙe ƙararrawa dole ya shiga da ƙafarsa, ya tsallaka layukan gudu, ya tsaya a wurinsa ba mai tallafa masa. Ta ce ya zo ta gan shi da idonta.

Wannan magana duk Mansuratu ba ta san da ita ba, don tsohon bai ga dalilin gaya mata ba. Ta tuƙo shi, ta ajiye mota, ta tsaya ciro kujerar naɗewa daga but ɗin motar. Ko da ta ɗago, sai ta hango shi ya yi gaba shi kaɗai, sanda a hannun dama mai rawa, jakar ƙararrawa a hagu, yana jan ƙafa zuwa ƙofar shinge. Ga mutane tsaitsaye da fararen riguna, ƙarti majiya ƙarfi, sun zuba masa ido, ba wanda ya motsa. Ranta ya ɓaci. Wane irin gari ne wannan, da za a bar dattijo da kaya ana kallo? Ta ruga, ta zare jakar daga hannunsa, ta tallafo gwiwar hannunsa, ta buɗe kujera ta zaunar da shi. Sannan ta juya ga matar da ke gaba, wato Constance, cikin ladabi amma da ɗan zafi, ta ce, "Madam, ku yi haƙuri, ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi. Ko tsayuwa ma ba ya daɗewa."

Constance ta dubi jakar a hannun Mansuratu, ta dubi tsohon a kan kujera. Ta durƙusa gabansa ta riƙe hannunsa, ta ce masa bana ya huta, akwai rumfa mai inuwa inda zai zauna yana miƙa wa yara lambobin yabo, kowa zai ji daɗin ganinsa. Da taushi ta faɗa, kuma taushin ne ya fi ciwo. Alexander ya zare hannunsa. Ya dai ce a mayar da shi gida.

Kwanaki ya yi ba ya magana sai i da a'a. Ya daina motsa hannun hagu. Ƙararrawar tana cikin jakarta a bayan ƙofa inda aka ajiye ta, bai ko dube ta ba. Mansuratu ta yi masa miyar kabeji irin tasu yadda Pauline ta kwatanta mata, ya ture. Ta rasa laifinta. Ran nan da hantsi tana shafa masa mai a gwiwa mai tabon toka, ta kasa daurewa ta ce, "Baba, in na yi maka laifi ka faɗa mini. Shirun nan ya fi duka."

Ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya ce, "Kin san inda na samo wannan? Ranar da ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Uku za a ɗauka, ni ne na uku, na ba na huɗu tazara. Saura ƙiris in kai layi ƙafata ta harɗe na faɗi. Da an bar ni, ko da rarrafe zan ƙarasa. Yayana yana cikin 'yan kallo. Ya tsallako shinge ya ɗaga ni, ya riƙe ni muka haye layi tare. Alƙali ya soke ni, kuma gaskiyarsa, don wanda aka tallafa bai yi tsere ba. Ban ƙara samun wannan dama ba." Ya ja numfashi. "Yayana ya fi kowa sona a duniya. Ke ma ranar nan abin da kika yi ke nan. Mutanen da kika ga sun tsaya suna kallo, ba rashin tausayi ba ne. Jira suke su ga na iso."

Mansuratu ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, har da ɗan fushi, don ba ta taɓa jin inda aka ce ladabi ya yi ɓarna ba. Ta tashi ta shiga kicin ta yi kukanta a gaban famfo. Da ta share fuska ta fito, ta ɗauko jakar daga bayan ƙofa, har ta nufo shi da ita sai ta tsaya cak. Ta mayar da ita inda take. Ta ce, "Baba, ga ƙararrawarka can. In kana so, je ka ɗauko."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya yi murmushi. Rabonsa da murmushi tun ranar filin.

Ranar Lahadi ta je Largo wurin yayarta Wahida, wadda ke aiki a asibiti. Suna cin wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin garinsu, ta ba ta labari. Wahida ta ajiye cokali ta ce, "Ke, kina da hankali kuwa? In obroni ɗin nan, Baturen naki, ya faɗi a shift ɗinki, agency da suka turo ki ba ruwansu da ƙararrawa. Report ɗaya za a rubuta, shi ke nan aiki ya tafi. Kuma a ce 'yar gidanmu ce ta tsaya tana kallon tsoho yana fama da kaya? Da Mma da ta haife mu tana da rai, me za ki ce mata?"

"Yaya, Mma cewa ta yi mu girmama manya," in ji Mansuratu. "Wannan girmansa a hannunsa yake, ni na ƙwace. Zan mayar masa."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma ki kira 'yarsa ki gaya mata, kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai."

Ta kira Pauline ta gaya mata, Pauline ta ce ta san ubanta, in an hana shi ma kwanciya zai yi ya mutu da haushi, a dai bi abin da likitan motsa jiki ya yarda da shi. Sannan Mansuratu ta nemi Constance. Sau biyu tana zuwa fili ba ta samu ganinta ba, a na uku ta tare ta a wurin ajiye motoci. Ta ce, "Madam, abin da kika gani ranar nan ba rauninsa ba ne, halina ne. A garinmu ba a barin babba da kaya. Ban ba shi damar nuna miki komai ba." Constance ta ce ba ta son ta ga mutumin da ya koya mata aiki kwance a ƙasa gaban yara. Mansuratu ta ce ita ma ba ta so, amma yanzu ma kwance yake a gida, ba dai mai gani ne ba. Constance ta juya makullin mota a hannunta, sannan ta amince. Ta ce gasar ƙarshe a watan Mayu, tsere ɗaya tak, mita ɗari takwas na 'yan mata. Zai shigo shi kaɗai. Kuma za ta ajiye wata ƙararrawa kusa da ita, don yaran ba za su rasa alamarsu saboda kowa ba.

Daga nan gidan Springfield ya koma filin horo, kuma in za a faɗi gaskiya, ba tsohon ne ya fi shan wuya ba. Shi dai ƙafa da hannu yake horarwa. Ita kuwa abin da aka dasa mata tun tana goye take cirewa. Cokali zai faɗi, jikinta ya zabura kafin tunaninta. Ta gwada zama a kan hannayenta, ta gwada harɗe su a baya, duk a banza. Daga baya ta samo dabara: sai ta naɗe carbinta a hannu biyu, ta ɗaure su tare a gabanta, tana ja tana salati. Alexander ya ce bai taɓa ganin ɗan tsere mai yawan tashi kafin a harba bindiga kamarta ba, da a ƙasarsu ne da tuni an kore ta daga fili. Ta ce da a Zango ne da tuni an kai shi gaban Sarkin Zango a kan taurin kai. Kullum da hantsi yana fita da jaka daga ƙofar gida zuwa akwatin wasiƙu ya dawo, daga baya har kwanar layi. Maƙwabta suna leƙowa ta taga su ga tsoho yana jan ƙafa da kaya, mai kula da shi tana biye da hannaye a ɗaure. Ta san abin da suke cewa a ransu, ta haɗiye. Ya koyi durƙusawa da tashi da sanda a kan ciyawar bayan gida. Ranar da ya zame ya zauna daɓas, ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini, amma ba ta taɓa shi ba sai da ya tashi.

Ranar gasar rana ta fito tas, fili ya cika da iyaye da laimomi. Mansuratu ta ajiye mota, ta bar kujerar naɗewa a but. A ƙofar shinge ta tsaya, ta naɗe carbi a hannayenta. Alexander, cikin farar rigarsa da ta yi masa yawa, ya shiga. Ya tsallaka layukan gudu ɗaya bayan ɗaya, ƙafar dama tana share jar robar da aka shimfiɗa a kansu, jaka tana lilo a hagu. Fararen riguna suka tsaya suna kallo kamar wancan karo, sai dai yau ta san irin kallon. Ya isa wurinsa a ciyawar bakin layin ƙarshe, ya ciro ƙararrawa, ya gyara tsayuwa.

Aka jera 'yan mata, aka harba bindiga, suka zuba a guje. Suna can ɗaya gefen fili Alexander ya so ya gyara riƙo, sai gumi ya ci amanarsa. Ƙararrawar ta suɓuce, ta faɗi a ciyawa ta mirgina gefe.

Ƙafar Mansuratu ta riga ta taka bakin ƙofa kafin ta ankara. Ta ja ta baya. Ta hango Constance ta yunƙura, hannu ɗaya ya nufi ƙararrawar ajiya, jiki kuma ya karkata wajen tsohon. Mansuratu, wadda ba ta taɓa ɗaga wa na gaba da ita murya ba, ta ce da ƙarfi yadda za a ji, "Madam, ki bar shi."

Constance ta tsaya, hannunta a kan mariƙin ta ajiya, idonta a kan 'yan matan da suka shiga kwana. Alexander ya kafa sanda. Ya sauke gwiwar hagu, mai tabon toka, a kan ciyawa, a hankali, yadda ya saba a bayan gida. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ja jiki, ya ƙara miƙawa, yatsunsa suka kama katakon. 'Yan mata sun miƙo zuwa layin ƙarshe, ana jin takunsu da numfashinsu. Babu lokacin tashi, kuma bai nemi tashin ba. A durƙushe ya ɗaga hannun hagu sama da kansa, ya jira ta gaba ta taka layi, sannan ya kaɗa.

Ƙarar ta cika fili, mai kauri, ba irin ta gwangwanin da suka saba ji a kakar nan ba. 'Yan mata suka ƙara wuta, 'yan kallo suka miƙe, duk idanu suka bi su. Mansuratu kaɗai ce ba ta bi su ba. Ita tana kallon tsoho ne yana kafa sanda, yana cije haƙora, yana ɗago kansa daga ƙasa kaɗan kaɗan, har ya miƙe tsaye da ƙararrawarsa a hannu kafin ta farko ta dawo layi. Har yau in ka tambaye ta wa ya ci wannan tsere, ba ta sani ba.

Da aka gama, Constance ta zo ta tsaya gabansa ta miƙa masa hannu suka gaisa irin ta abokan aiki, ba durƙuso ba lallashi. Ya mayar da ƙararrawa jaka, ya sake tsallako layukan shi kaɗai. Tafiyar ta fi ta ɗazu nauyi, gwiwar wandonsa ta yi kore da ciyawa. Mansuratu tana nan inda ya bar ta. Sai da ya fito daga ƙofar shinge sannan ta warware carbin, ashe 'ya'yansa sun nutse a fatar hannunta sun bar rami rami. Ya dubi hannayen ya daɗe.

"An gama tsere, Mansura," in ji shi. "Yaya kika ce ake yi a garinku in an ga tsoho da kaya?"

Ya miƙo mata jakar. Ta rusuna, ta karɓa da hannu biyu.